Matar da Ta Zo Awo Ba Goyo

Shekaranjiya na ji ɗaya daga cikinku, wannan mai farin tabarau, tana gaya wa ƙawarta wai aikin nan namu ba wani abu ba ne. A rataya yaro a kilo, a dama kunu, a ɗauki hoto da salula a aika wa manya, a watse. Ban tanka ba, don bakina da goro. Amma tunda an ce in yi muku magana kafin a raba muku rigunan aiki, to ku gyara zama. Ni ban yi lakwal mai nisa ba, bokona kaɗan ne. Labarin wadda ta koya mini aikin zan ba ku, Inna Falmata, Allah Ya jiƙanta, don duk abin da hannuna ya iya daga nata ya fito.

Lokacin da na tare a unguwar nan, bakin gari ce sosai. In ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hangen motocin Tirmini suna wucewa, kuma tsakanin gida da gida gonar gero ce. Rabinmu mutanen ƙauye ne da suka matso kusa da gari, rabi kuma 'yan Birni ne da gidan gado ya yi musu kaɗan. Ba famfo, sai mu bi layi da bido, wato jarkar ruwa. Wannan foye, zauren taron da kuke zaune a ciki, mai siminti da fanka, a da ɗaki ɗaya ne na ƙasa da labulen buhu, sai dogon yaron can da yake tsaye har yau. Da gayya aka gina shi, maza suka buga tubali, mu muka yi jigilar ruwa. A nan ake awon yara ranar Talata, a nan ake koyon ɗinki, a nan ake taruwa in za a yi rigakafi ko rabon gidan sauro. Ba wanda ake biya. Inna takan ce ladan yana can inda ɓera ba ya ci.

Inna Falmata Babarbariya ce 'yar Birni, mahaifinta baduku, ita kuma ungozoma. Gajera ce, ga zane a fuska, ga murya. An ba mu amsa-kuwwa don shela, ita ba ta taɓa taɓa shi ba, in ta tsaya a bakin titi ta kira awo har kaji sai sun ɗaga kai. Wata rana ta shigo gidanmu ta tarar ina wanke wa ɗiyata kai, ta tsaya ta kalli yadda na riƙe ta, sai ta wuce zaure wurin maigidana.

"Malam, ara mini matarka ranar Talata," in ji ta.

"Inna, aro kuwa?"

"Aro mana. In na gama da ita na maido maka."

Har ta koma ga Allah ba ta maido ni ba.

Aikin farko da ta ba ni wankin wandon awo ne, wannan ɗan wandon mai igiya da ake saka yaro a rataya shi a ƙugiyar ma'auni. Na ɗauka raini ne. Ashe a nan aikin yake farawa, domin uwa ba za ta saka ɗanta cikin abin da ɗan wata ya ɓata ba, kuma ba za ta gaya maka dalili ba, mako mai zuwa ne kawai ba za ka gan ta ba. Shi ma'aunin a reshen dogon yaro muke ɗaure shi, daidai idon mai dubawa, a rataya wandon babu kowa a ciki, a maido allura wurin zamanta kafin a saka yaron farko. Sannan ga doka wadda ba a rubuce take ba, kuma Inna ta gaya mini ita tun kafin in taɓa ɗan kowa: ba a faɗin nauyin yaro da ƙarfi. Mutanenmu suna tsoron baki. In ka ce ɗan wance ya yi kilo kaza a gaban mata, gobe ya yi zazzaɓi, to kai ka cinye shi. Ka duba allura, ka ce tubarkalla, ka miƙa wa uwar ɗanta. In kuwa allura ta ja baya, nan ma tubarkalla za ka ce, fuskarka ba ta canzawa. Washegari da hantsi sai ka bi ta gidan, ka ce ƙishirwa ta kama ka a hanya, a ba ka ruwa, a shimfiɗa maka tabarma. A nan ake maganar.

Bayan ma'auni akwai ɗan tsirin awon damtse mai launi uku, kore da rawaya da ja. Inna ba ta rataya shi a wuya kamar yadda na ga kuna yi, a ƙullin zaninta yake zama tare da goro. Sai ta ɗauki yaro tana yi masa wasa, kafin uwar ta ankara ta zagaya masa damtse ta mayar da abinta. Amma kayan aikin da ta fi yarda da shi babban yatsanta ne. Takan ce ma'auni yana ƙarya, don yaron da yunwa ta kumbura nauyi gare shi, ana yi wa rogo kallon kitse. Sai ka danna bayan ƙafarsa da yatsa, ka ɗan jira, ka ɗaga. In wurin ya taso, lafiya. In rami ya zauna, ruwa ne a jikin, kuma ba a kwana da shi a gida.

Kunun da kuke rainawa ma da ƙa'idarsa. An taɓa kawo mana madarar gwangwani aka ce mu riƙa zubawa a kunun koyarwa, Inna ta ce a kai wa majo, babban ma'aikacin asibitin unguwa, ya ba marasa lafiya. Ta ce abin da mace ba za ta samu a ɗakinta ba, kada ka nuna mata shi a tukunya, baƙin ciki kawai ka koya mata. Kowace mace da abin da take kawowa, wannan garin gero, wannan ƙuli-ƙuli, waccan soyayyen wake ko busasshen zogale, wadda ba ta da komai ta zo da itace biyu. Sukari kaɗai Inna take saye da kuɗin ungozomancinta, ɗan ƙulli a leda. Su kuma maza ba ta kiran su taro, ta san ba za su zo ba. Fadar samari take zuwa ta zauna a kan bencinsu ta shanye musu shayin farko, kafin ta tashi sun yi alkawarin yashe lambatu kafin ruwa ya sauka. Ban taɓa ganin mutum mai sa a yi aiki ana dariya kamarta ba.

To, sai shekarar nan da ba ma son tunawa ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, ya bushe a tsaye. Kafin a kai bazara maza sun watse, wasu Agadas, wasu Kano, wasu gaba da nan. A ƙauyuka anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, ake jiƙawa a ci da ganyen tafasa. Ranar Talata filin nan ba masaka tsinke, tsirin Inna kuwa rawaya da ja kawai yake nunawa. Tukunyar kunu ta daina zama ta koyarwa, ta koma abincin yini na yara da yawa. A cikin wannan cunkoson ne Inna ta ga abin da ni ban gani ba.

Akwai wata yarinya Zuwaira, gidan aurenta yana bayan masallaci. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, shi ya sa ba ta tafi gidan iyaye ba, a nan unguwar ta yi haihuwar fari, Inna ce ta yanke cibiya. Namiji ne, aka sa masa sunan kakansa na wajen uba. Kun san ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle kuma mai sunan suruki. Ita Zuwaira "wancan" take ce masa. Bai kai lokacin yaye ba ta samu wani cikin, sai uwar mijinta, wata tsohuwar Bafulatana da ake kira Dada, ta zo ta ɗauke shi ta tafi da shi ƙauyensu can bayan Tirmini, kamar yadda aka saba. Mijin kuma ya bi sahun masu tafiya arewa.

Duk Talata sai ga Zuwaira a filin awo, bayanta ba goyo. Ba ta shiga layi, don ba ta da abin aunawa. Takan hura wuta, ta karɓi muciya ta yi ta juya kunu, in an watse ta taya ni wanke wandunan awo. Ni na ɗauka son lada ne, har ina yaba ta. Wata Talata bayan an watse, Inna ta zauna kusa da ita tana ɓare goro, ba ta ko kalle ta ba.

"'Yata, mutanen Tirmini suna lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. An zo kasuwa, an ce suna gaishe ku."

"Madalla. Dada fa?"

"An ce tana nan." Ta matse wandon da ke hannunta, sannan ta ce, "An ce wancan ma ya yi ƙiba. Wai har kumatu."

Inna ta daina ɓare goron. "A wannan shekarar?"

Zuwaira ta miƙe. Ta shanya wandon, ta yi mana sallama ta tafi.

Sai a lokacin na gane. Yarinyar nan tana zaune a bakin murhu duk ranar da Inna take yi wa mata bayanin kumburi da danna ƙafa. Ta san abin da ƙibar nan take nufi. Amma da wane baki za ta ce a je a duba mata ɗan fari? Kuma ta yaya za ta ce uwar mijinta ba ta iya riƙo ba? Miji ba ya nan, uwa ba ta da rai. Abin da ta iya shi ne ta riƙa zuwa tana tsayawa inda Inna za ta gan ta, mako bayan mako, har a tambaye ta. Tausayinta ya kama ni har na kasa gama wankin.

"Gobe ki shirya da wuri," in ji Inna. "Kada ki sa rigar aiki. Gaisuwa za mu."

Ba mu ɗauki ma'auni ba. Goro ta ƙulla da ɗan garin kunu, tsirinta kuma yana inda yake zama. Muka shiga motar Tirmini, daga can wani mai amalanken shanu ya rage mana hanya. Gonaki fayau, rumbuna a buɗe. Tun daga bakin danga Inna ta ɗaga muryar nan tata, don kun san tsakanin Barebari da Fulani ba a sallama sai da tsiya.

"Ina baiwar nan tawa? Fito ki karɓi kayan uwargijiyarki!"

Daga ciki aka amsa, "Wace Babarbariya ce yunwa ta koro mini? Shigo, ko ƙasarin tukunya na ba ki."

Dada ta fito tana dariya. Matar da na sani lokacin wankan jegon Zuwaira, doguwa mai ƙarfi, ta koma kamar sillen kara, zani ya zagaye ta har ya yi saura. Yaron yana zaune a tabarma a inuwar bukka. Fuska ta cika, ƙafafu suna sheƙi, gashin kai ya yi ja ya yi laushi. Ƙuda na sauka a idonsa bai kore shi ba, mu baƙi mun shigo bai yi kuka ba.

"Kin ga maigidan nawa?" in ji Dada, don sunan marigayi mijinta ne da shi. "Shekara ta ƙi, amma shi tubarkalla."

"Tubarkalla," in ji Inna. Ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta kama ƙafafunsa biyu kamar mai wasa, tana zagin Dada wai ta saba tsinka nono da ruwa tana cutar mutanen Birni. Tana magana yatsunta suna danne. Da ta ɗaga, ramuka biyu suka zauna. Na gani. Dada ma ta gani, domin idonta yana kan hannun, kuma dariyar ta tsaya mata a baki.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu cewa aikin ba komai. Da Inna ta ce yaron nan yana cikin hatsari, a ba mu shi mu tafi, da mun dawo hannu rabbana. Tsohuwar da aka damƙa wa yaye a zo har gida a karɓe jika daga hannunta, ai an gaya wa ƙauye duka cewa ta kasa. Za ta ce hakora ne, za ta ce a bari a gwada jiƙo, kuma yaron ba shi da kwanakin jira. Inna ba ta ce komai game da shi ba. Sai ta dubi Dada.

"Ke, me kika ci yau?"

Dada ta hau gyaran zaninta.

"Jiya fa?"

Dada ta kawar da kai.

"To tashi ki ɗaure tsummokaranki. Ni ba a yi mini asarar baiwa ina gani. Likita zan kai ki su duba mini ke. Shi kuma maigidanki ai ba kya bar shi shi kaɗai ba, sai ki goyo shi."

"Ɗan yaye ba ya ganin uwarsa, Falmata. Ga ta da ciki."

"Wa ya ce gidan uwarsa za mu? Na ce miki likita."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙafar yaron. Da ta buɗe baki, muryar ba ta wasa ba ce.

"Ruwa ne ko?"

"Ruwa ne."

"Wallahi duk abin da na samu shi nake ba."

"Na sani," in ji Inna. "Da ba ki ba shi ba, da ba mu tarar da shi ba. Tashi, rana tana yi."

A ranar majonmu ya duba shi ya tura su babban asibiti, ɗakin yara masu tamowa. Tun a mota Inna ta ja wa Dada kunne cewa yaron zai rame kafin ya murmure, kada ta ga ya zube ta ce an tsotse mata miji. Haka kuwa aka yi. Da aka fara ba shi madarar asibiti kaɗan-kaɗan, ruwan ya sauka, sai ga ƙashi da fata. Dada ta naɗe tabarmarta za ta gudu da shi, ta tuna maganar, ta sake shimfiɗawa. Mu kuma a unguwa Inna ta bi gida-gida, kowace tukunya a rage ludayi ɗaya don mai jinya, a shekarar da ludayi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ba gidan da ya hana. Ni nake kaiwa. Kullum sai Zuwaira ta tare ni a bakin masallaci da ɗan kwanonta a rufe ta ce, "Yaya, a kai wa Dada." Ba ta taɓa tambayata komai ba. In na maido kwanon sai in ce, "Dada ta ci. Wanda yake wurinta ma ya sha madara." Sai ta ce to, ta karɓi kwanon da hannu biyu.

Wata Talata ana tsakiyar awo sai ga Dada ta shigo filin nan da goyo. An sallame su. Zuwaira tana bakin murhu, cikinta ya tsufa, ta ɗago ta gan su, ta durƙusa ta gaida surukarta daga inda take, ta juya baya ta ci gaba da juya kunu. Inna ta kwance yaron ta saka shi a wando ta rataya. Ai kuwa ya tsala ihu yana harba ƙafa, har ya fizge mata ɗankwali. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Inna ta duba allura ta ce tubarkalla, matan wurin duka suka amsa. Zuwaira ba ta waiwayo ba. Muciya kawai take juyawa, kunun ya daɗe da nuna, tana ta juyawa.

Inna ta ce bari ta shafa wa yaron mai, ta shige ɗakin nan da shi. Jim kaɗan ta fito hannu sake, ta zauna a kujerarta 'yar tsuguno. Ƙullin sukarin yana hannuna, zan miƙa a zuba, sai ta karɓe ta tura ƙarƙashin kujera ta rufe da zaninta.

"Zuwaira! Ba wa yayarki muciyar nan, ki shiga ɗaki ki ɗauko mana sukari. Ki duba da kyau, na manta inda na ajiye shi."

Yarinyar ta miƙo mini muciya. Tana shiga, Inna ta miƙa hannu ta saki labulen buhu. Dada ta juya fuskarta wajen dogon yaro, ta fara yi wa Inna tsiya da ƙarfi wai Barebari ko shayi ba su iya ba baƙo. Wata ta jawo turmi ta hau dakan da ba a sa ta ba. Sauran mata kowa ta ɗaga murya da hira, don kada a ji abin da yake fitowa daga bayan labulen.

Ranar kunu ba sukari muka raba wa yara, mu ma haka muka sha. Filin nan cike yake da mata, kuma ba wadda ta ce ina sukarin.